Jar Darar Daudu

A Kazaure, shekarun da aka samu mulkin kai, in ka ga mutum ya fito da jar dara tsaye kyam a kansa, ba lotsi ba karkata, ba sai ka tambaya ba, daga rumfar Falalu ta fito. Rumfar tana bakin tasha, jikin wata tsohuwar katanga, kuma sana'ar gadonta ya yi wurin ubansa. Dara ba ɗinka ta ake yi ba. Gashin tumaki ne aka cuɗe aka danne a can ƙasashen da ake kawo ta, saboda haka in ta sha gumi da ruwan sama sai ta saki jiki ta langaɓe. Aikin Falalu shi ne ya dawo da ita hayyacinta. Ya wanke, ya shafa mata ruwan ƙaro kaɗan, ya riƙe ta bisa tururin tukunya har ta yi laushi, sannan ya ja ta a kan wani kai na itace, ya bar ta ta bushe a inuwa. Rana tana cinye ja, shi ya sa ko da wasa ba ya shanya ta a fili.

Sauran masu wannan aiki kai uku suke ajiyewa, babba da matsakaici da ƙarami, kowa ya zo a cusa hularsa a wanda ya fi kusa. Gidan su Falalu suna ganin wannan ha'inci ne. Duk wanda ya zama nasu sai an auna kansa da zare, an shafa shi da hannu tun daga goshi har ƙeya, a sassaƙa masa nasa shi kaɗai da itacen ƙirya, a yi ɗan tsagi a gaba don a san inda goshi yake. Ga su nan jere a kan katako: na malaman ofis, na dillalan shanu daga Babura, na wani direba ɗan Roni mai kai kamar tulu. Falalu bai yi boko ba, bai rubuta sunan kowa ba, amma ko a mafarki ba zai haɗa na wani da na wani ba. Mutum ne mai kaifin baki, yakan ce shi ya san duk masu girman kan garin nan, kuma ya san da yawansu girman ne kawai. Can sama kuma ya rataye tsofaffin dara da yake tarawa, har da wata ta Turabulus da ayarin raƙuma ya kawo zamanin kakansa, da wata baƙa mai tuntu. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, wanda ya taya ma sai ya sha baƙar magana.

Akwai wata al'ada da ya gada tare da wuƙar sassaƙa. Ranar da mai kai ya rasu, Falalu yakan sauke kan daga katako, ya faskara shi da gatari, ya kai gidan makoki a sa ƙarƙashin tukunyar sadaka. Ubansa ya ce masa bai dace mutum yana kabari siffar kansa tana zaune a kasuwa ba. Har ta kai in an ji saran gatari daga bayan rumfar, mutanen tasha sukan yi salati kafin su tambayi wane ne.

Daudu ɗan Fulani ne daga wata ruga a gefen Gwiwa, kuma shi kaɗai ne ɗa namiji wurin uwarsa Inno. Ya ɗan taɓa elementare, ya samu aikin masinja a ofishin En'e, ya tara abin da ya tara ya sayi jar dara. 'Yan rugarsu masu malafa suka yi ta yi masa tsiya, wai ya zama ɗan sarauta ba naɗi. Damina ɗaya kawai ya sa ta, yaƙin basasa ya tashi, ya ba da sunansa a soja. Saura kwana uku su tafi ya zo rumfar Falalu ya ce shi ma yana son a yi masa nasa kan.

Falalu ya tsaya a gabansa, fuska da fuska, ya kama kan da hannu biyu yana shafawa. Sai yatsun hannunsa na dama suka faɗa wani ɗan kwarmi a bayan kunnen Daudu na hagu. Daudu ya yi dariya, ya ce saniya ce ta harbe shi yana ɗan shekara bakwai, Inno ta yi kwana goma tana riƙe da kansa a cinyarta. Falalu ya ce to yanzu ya gane ta inda hankalin ya zube har mutum zai bar albashi ya tafi neman harsashi. A ranar ƙiryarsa ta ƙare, lokaci kuma ya ƙure, sai ya ɗauki guntun gawo ya sassaƙa, har da kwarmin. Ya san gawo ba ya jure shekaru, amma ya ce a ransa yaƙin nan wata nawa zai yi.

Da ya ja darar a kai ta zauna daram, Daudu ya dube ta ya ce, “Ka bar ta a nan, Baba Falalu. Can hular gwamnati za su ba mu. In na dawo nan zan fara sauka, da ita zan shiga rugarmu.”

Bayan tafiyarsa Inno ta fara zuwa. Duk ranar kasuwa takan ɗauko ƙwaryar nono, rabin hanya a ƙafa rabi a bayan akori-kura, in ta sayar sai ta biyo ta rumfar. Ba ta da yawan magana. Ta gaida Falalu, ta ɗaga darar, ta shafa kan itacen da tafin hannu har yatsanta ya samu kwarmin nan, ta mayar da darar, ta tafi. Wasiƙa biyu ta zo a shekarar farko, daga nan shiru. Ta je inda aka ce ta je ta tambaya, aka ce sunansa ba ya cikin na matattu, ba ya kuma cikin na waɗanda ake biya. Da ta dawo ta zauna a bakin rumfar ta ce wa Falalu ita ba ta san takarda ba, ba ta san kowa a bariki ba, amma ta san shi yana bakin tasha, inda kowane labari yake fara sauka. Ta roƙe shi in ya ji wani abu, mai daɗi ko mara daɗi, shi zai gaya mata. Falalu ya ce ya ɗauki alkawari. Ta ce to, muddin ta ga kan nan a wurinsa, ta san ɗanta yana numfashi.

Aka gama yaƙi, sojoji suka fara dawowa ɗaya ɗaya. Wata ranar Talata da hantsi wani mutumin Roni mai suna Haladu ya sauka a tasha yana jan ƙafa, ya zauna a bencin Falalu yana jiran motar garinsu. Idonsa ya kai kan jar darar, ya tambayi ta wace ce take zaune ita kaɗai a gefe. Da ya ji sunan sai ya sunkuyar da kai. Ya ce tare suke da Daudu. A shekara ta biyu ta yaƙin aka buɗe musu wuta suna ƙetare wani kogi, kuma shi Haladu da hannunsa ya taimaka aka jawo gawarsa bakin gaɓa. Su goma sha aka sa rami ɗaya, ba wanka, ba salla, don ba a ba su sarari ba. Ya ce shi ba zai iya kallon idon uwar ba, kuma jibi zai wuce Kano neman aikin gadi. Ya bar wa Falalu saƙon, ya hau mota.

Ranar nan Falalu ya ɗauko gatari ya wasa. Ya ce bari dai ya fara gaya mata kafin ya fasa. Ranar kasuwa Inno ta zo fuskarta a sake, irin yadda bai taɓa gani ba. Ta ce ta ji an ce wani ɗan Yankwashi da aka yi wa sadakar arba'in ya dawo da ƙafarsa, ashe tsare shi aka yi. Ta shafa kan, ta samu kwarmin, ta yi murmushi. Falalu, mutumin da bai taɓa jin nauyin gaya wa alƙali cewa kansa a karkace yake ba, ya buɗe baki ya ji harshensa ya yi nauyi. Tausayinta ya kama shi, ya ce a ransa sai mako mai zuwa.

Mako mai zuwa ya zo ya wuce. Da aka yi wata uku sai maganar ta ƙara wuya, don yanzu ba mutuwar kaɗai zai faɗa ba, har da dalilin da ya sa ya yi wata uku yana kallonta. Matarsa Shatu, ita kaɗai ya gaya wa, ta ce masa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma wannan ba tausayi ba ne, tsoro ne ya sa masa rigar tausayi. Ya yi mata tsawa, ya ce me ta sani game da uwa mai ɗa ɗaya. Shatu ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai duk shekara in ta ga ya ɗora tukunya zai turara darar Daudu kafin Salla, takan tashi ta bar wurin.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aka canja kuɗi aka koma naira. Fari ya zo ya kwashe shanun su Inno, ya bar mata saniya biyu da ƙyar suke tashi, mijinta kuma ya rasu a wannan rani. Idonta ya fara yana, har ta kai sai ta dafa katanga take gane rumfar. Ba ta da nonon sayarwa, amma ba ta fasa zuwa ba, ko da sau ɗaya ne a wata. Falalu ya riƙa cewa a ransa, wadda ta rasa miji da shanu da ido, wane mara imani ne zai ƙwace mata ɗan abin da ya rage. Haka mutum yake, in ya rasa ƙarfin zuciya ba ya rasa hujja.

Sai kuɗin mai suka shigo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi na Udoji. Samarin ofis suka sayi babur da rediyo, suka koma sa zanna da kube masu aiki, suka bar dara ga tsofaffi da masu naɗi. Gatarin Falalu ya fi wuƙarsa aiki. Katakon da a da ba wurin sa hannu ya yi giɓi giɓi kamar bakin tsoho, amma kan Daudu yana nan a gefensa, da jar dararsa da ta shekara takwas ba ta ga rana ba, ta fi ta kowa ja.

A daminar shekarar nan ruwa ya jiƙa tsohuwar katangar, gara ta biyo ta ciki ta hau katakon. Ƙirya ta gagare ta, sai ta samu gawo. Falalu bai sani ba sai ranar da ya zo ɗaga darar zai turara, ya ji kan ya yi sakayau a hannunsa, ya ɗan matsa, ƙeyar gaba ɗaya ta rufta ta zube gari. Darar ce kawai ta tsira. Ya daɗe tsugune yana kallon garin itacen a tafinsa. Wani mai hankali da ya ce Allah ne ya yanke masa wahala, ya tashi ya nufi Gwiwa. Falalu kuwa ya tattara ɓaragurbin ya ƙulle a tsumma, ya tura ƙarƙashin benci, ya ɗauko ƙirya mai kyau da zaren awon Daudu da yake rataye a ƙusa shekara takwas.

Zare ya ba shi faɗi da tsawo, amma zare ba ya riƙe kwarmi, wurin kuma gara ta cinye. Ya rufe ido ya tuna ranar. Hannunsa bai manta ba, yatsun dama ne suka faɗa ciki. Ya zauna ya matse itacen tsakanin gwiwoyinsa yadda ya saba, tsagin goshi yana kallon waje, ya sa wuƙa inda hannunsa na dama ya sauka. Abin da bai tuna ba shi ne ran nan a gaban Daudu ya tsaya, yau kuwa a bayansa yake zaune. Ya goge itacen da man gyaɗa, ya kanga shi a hayaƙi don ya yi kamar ya tsufa, ya ja darar a kai. Shi kansa da ya ja da baya ya duba sai da ya yaba wa aikinsa.

Ranar kasuwa Inno ta zo da sandarta. Suka gaisa, ya tambaye ta hanya, ta ce da godiya. Ta laluba ta ɗaga darar, ta ɗora tafinta a goshi inda tsagin yake, ta gangara bayan kunnen hagu kamar kullum. Yatsanta ya wuce sumul. Ta dawo ta sake bi a hankali. Sannan ta kewaya ɗaya gefen, ta samu kwarmin a can, ta tsaya. Ta ɗaga kan ta jijjiga nauyinsa a hannu, ta kai shi hanci ta shinshina.

“Malam Falalu,” ta ce, “wannan ba kan ɗana ba ne.”

Ya fara cewa gara ce, gara ce ta ci wancan, shi kuma ya ga kada ranta ya ɓaci. Maganar gaskiya ce, kuma da ya tsaya a nan wataƙila da ta wuce. Amma muryarsa ta yi rawa, Inno kuwa tun da idonta ya tafi kunnenta ya ƙara kaifi. Ta ajiye kan a ƙasa, ba a kan katako ba, ta zauna a bakin benci ta riƙe darar a cinyarta.

“Gara ba abin ɓoyewa ba ce,” ta ce. “Da ita kaɗai ce, da tun daga bakin ƙofa ka gaya mini, muka yi dariya. Me ka sani?”

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Falalu ya durƙusa a gabanta, dattijo da furfurarsa, a tsakiyar tasha ana kallo, ya faɗa mata duka: Haladu, da kogin, da rami ɗaya, ba wanka ba salla. Ba ta yi kuka ba. Ta yi salati a hankali, ta shafa darar, sannan ta tambaye shi tun yaushe ya sani.

“Shekara biyar, Inno.”

Wata mota ta tashi, ɗan kamasho yana kiran Babura, Babura.

“Shekara biyar,” ta ce. “Kullum sau biyar ina ɗaga hannu ina cewa Allah ya dawo mini da shi. An sa shi a ƙasa ba salla, yana can yana jiran addu'ar uwarsa, ni kuwa ina nan ina shafa itace. Ko sau ɗaya ban ce Allah ya jiƙansa ba. Ubansa ya mutu bai ce ba. Ni ka tausaya wa, Malam. Shi wa ya tausaya masa?”

Kunya da baƙin ciki suka rufe Falalu, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya roƙe ta gafara. Ta ce nata haƙƙin ta yafe, don ta san ba da mugunta ya yi ba, amma na Daudu ba a hannunta yake ba. Sannan ta tambayi inda ragowar na gaskiyar yake. Ya jawo ƙullin tsumman daga ƙarƙashin benci ya sa mata a hannu. Ta ce jibi za ta yi sadaka, ya zo ya cika al'adar gidansu.

Ya je. Ya rufe rumfa, ya ɗauki buhun gero rabi da goro, ya kuma sa sabon kan a jaka, don ya san abin da gara ta bari ba zai dafa ko ruwan shayi ba. Rugar ta kusa zama kufai, bukka huɗu ce ta rage. Limamin ƙauyen da ke kusa ya zo da mutum shida, mata suka ɗora tukunya a kan murhu. Inno ta miƙa wa liman jar darar ta ce sadaka ce, ya sa ta ya yi salla da ita, ladan ya kai wa mai ita. Liman ya karɓa ya gwada, ta ɗan yi masa yawa, ya bar ta a kansa haka nan.

Falalu ya fito da sabon kan da gatari zai faskara. Inno ta ji ƙarar ƙarfen, ta tambayi me zai fasa. Da ya gaya mata ta ce ya mayar da abinsa jaka, wannan ba na kowa ba ne, ba za a dafa sadakar ɗanta da shi ba. Ta kwance tsumman da kanta, ta durƙusa gaban murhu, ta laluba ta zuba ɓaragurbin gawon a kan garwashi. Ya kama nan take, ya yi wata 'yar wuta mai haske, kafin a ƙirga goma ya zama toka. Mata suka ƙara kara da itacen jeji aka ci gaba da girki.

Liman ya yi addu'a aka shafa. Mutane suka fara miƙewa, amma Inno tana nan durƙushe, hannuwanta a sama. Falalu yana kusa, ya ji bakinta ya kama hanyar da ya saba shekara takwas.

“Allah ka dawo mini da...”

Ta tsaya. Leɓenta ya yi ta motsi ba sauti, hawayen da ba su zo a tasha ba suka gangaro. Ta haɗiye, ta sake ɗaga hannun.

“Allah ka jiƙan Daudu.”

Falalu ya ce amin.